Wace masara ce ta fi ga saniyar tatsa?

Wannan jawabi ne da wakilinmu ya yi gaban masu garka da masu kiwon shanun tatsa na kewayen Yamai, a wani taro da aka yi a unguwar Filato. Mun buga shi domin ɗaliban yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna.

Assalamu alaikum. Dattawa, iyayenmu mata, ƴan uwa manoma da makiyaya, barkanku da zuwa. Na san akwai wanda ya baro garka ba ban ruwa, akwai wadda ta baro nono ba a kai kasuwa ba. Don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Ni ba likitan dabbobi ba ne. Malamin makaranta ne ni, aikin yaƙi da jahilci ya maida ni ɗan jarida. Amma aikin nan ya kai ni garake da garkuna masu yawa, na zauna da malaman gona, na yi tambaya, na rubuta. Kuma ina da shanu biyu a gida. Abin da ya dame ku shi ya dame ni.

Kowa a nan ya san watan Afrilu, da Mayu, da Yuni. Ciyawa ta ƙare a daji. Harawa ta yi tsada, dusa ta yi tsada. Masu amalanke suna shigowa birni da busasshen kara, ana rububinsa. Saniyar da take cika ƙwarya da kaka, yanzu da ƙyar take ƙosar da ɗan maraƙinta. A lokacin nan kuwa nono ya fi daraja. Wannan a shekara mai kyau ke nan. Dattawanmu sun ga fari na 1973 da na 1984. Mu ma mun ga 2010, shekarar da bisashe suka yi ta faɗuwa don rashin abinci. Maganar yau ita ce yadda za mu ajiye ɗanyen abinci tun yana da yawa, mu fiddo shi ranar da babu.

Turawa suna ce ma wannan dabara ansilaj. Mu kira ta karan rami. Ana sare masara ɗanya, da karanta, da ganyenta, da goyonta. A daddatsa ta ƙanana. A zuba cikin rami, a tattake, a rufe yadda iska ba za ta shiga ba. Cikin kara akwai zaƙi. Akwai kuma wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, dangin waɗanda suke sa madara ta zama nono. Idan babu iska, sai su ci zaƙin nan su maida shi tsami. Tsamin shi ne yake hana ruɓa. Mata sun fi mu sanin wannan: madara ba ta kwana biyu, amma nono yana jurewa. Rami mai kyau yana yin watanni da yawa bai lalace ba, muddin ba a buɗe shi ba.

Me ya sa masara? Domin tana da zaƙi isasshe a kara, kuma tana da tsaba mai gari. Ba sai an ƙara mata komi ba take yin tsami. Shi ya sa a Faransa da Amurka ita ce babban abincin shanun tatsa.

Amma in faɗa muku gaskiya tun yanzu. Masara mai son ruwa ce. Tana bukatar milimita 500 zuwa 800 kafin ta nuna, ga son taki. Ruwan da Yamai take samu a damana bai cika wuce milimita 600 ba, kuma ba ya zuwa a jere. Wanda gonarsa take kan jigawa, kada ya bar hatsi da wake don maganata. Masara ta mai fadama ce, da mai garka a bakin kogin Isa, da mutanen Gaya inda ruwa ya fi yawa, da masu noman rani irin na Ƙonni da Jiratawa.

To, wace iri za a shuka?

A ƙasarmu hukumar binciken aikin gona, wato INRAN, wadda aka kafa a 1975, ita take gwada iri. Akwai P3 Kollo, mai ɗauke da sunan garin Kollo inda hukumar take da tashar bincike. Tsabarta rawaya ce, tana nuna cikin wata uku ko kusa da haka. Akwai CET, wadda asalinta daga ƙasar Tailan ne, ita ma rawaya ce mai saurin nuna. Akwai EV 84-22, fara, wadda ta fi su daɗewa a gona, an kuma gyara ta don ta jure ciwon nan mai zana ma ganye farin layi. Waɗannan duka manomi yana iya ɗebe irinsu daga gonarsa ya sake shukawa. Bayan su akwai masarar aure, wadda kamfanoni suke saidawa cikin ƙananan buhuna. Ita tana bada amfani mai yawa idan ta sami ruwa da taki, amma kowace shekara sai an sayi sabon iri. Wanda ya shuka ƴaƴanta zai ga gona ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu.

Ire-iren nan an zaɓe su ne domin tsaba, domin tuwo da gashi. Saniya kuwa ba tsaba kaɗai take ci ba. Ita duka shukar take so. Don haka masarar da ta fi a rumbu ba lalle ita ce ta fi a rami ba.

Yawancinmu da ido muke zaɓe. Mu ga masara doguwa ta fi mutum tsawo, kara kamar rake, mu ce wannan ita ce ta shanu. A nan ne ake ruɗuwa. Ɗanyen kara yawancinsa ruwa ne. Ruwa kuwa akwai shi a rijiya, ba sai mun noma shi ba. Abin da yake zama nono da nama shi ne abin da ya rage bayan ruwan ya fita. Kuma a cikin abin da ya rage, goyo ne mai ƙarfi. A masarar da ta yi kyau, goyo yana kai rabin nauyin busasshiyar shukar. Kara mai kauri kuma, in ya tsufa, ƙasansa yana yin itace, cikin saniya ba ya narkar da shi duka. Doguwar masara mai ƙaramin goyo tana cika rami, ba ta cika ƙwarya.

Ga kuma maganar kwanaki. Iri mai daɗewa yakan fi tara kara da ganye, wannan gaskiya ne. Amma kowane mako da ya ƙara a garka, ban ruwa ne, man inji ne, kuɗi ne. Idan damana ce, ruwa yana iya ɗaukewa ya bar ta ba ta cika goyo ba. Iri mai sauri ba ya tara kaya da yawa, amma yana tsere ma fari, kuma yana sakin fili da wuri a shuka wani abu. Akwai abu na uku da za ku duba: wani iri ganyensa yana nan kore har tsaba ta yi ƙarfi, wani kuwa tun goyo bai cika ba ganyen ƙasa ya bushe. Mai koren ganye ya fi daɗin tattakewa a rami, kuma yana ba ka ƴan kwanaki na sarari in aiki ya yi maka yawa.

Wa zai raba wannan gardama? Sikeli. Ku da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci kun iya rubuta lamba, kun iya tarawa da ninkawa. Ga inda karatunku zai yi muku rana. Ku fiddo littafi da alƙalami.

Ku sami iri biyu ko uku. Ku zaɓi fili guda wanda ƙasarsa ɗaya ce, ba rabi fadama rabi tudu ba. Ku raba shi. Kowane iri a ba shi layi shida, tsawon mita takwas. Tsakanin layi da layi santimita 80, tsakanin rami da rami santimita 40, a bar tsiro biyu a kowane rami. A shuka su rana ɗaya. Taki ɗaya, ban ruwa ɗaya, noma ɗaya. Kada ka fifita wadda kake so, kamar mai mata biyu marar adalci. Ka kafa itace ka rubuta sunan kowace. Ka rubuta ranar shuka, da ranar da gemu ya fito, da ranar sara. In kuna da ƙungiya, mutum uku ko huɗu su yi gwajin nan, kowa a garkarsa. Abin da garka guda ta nuna yana iya zama sa'a. Abin da garka huɗu suka nuna ya zama magana.

Ranar sara, kada ku auna layukan gefe, domin sun fi samun rana da iska. Ku ɗauki layi biyu na tsakiya, tsawon mita 6 da santimita 25. Wannan ya ba ku murabba'in mita goma daidai. Ku sare, ku ɗaure, ku rataya a sikeli, ku rubuta. Kowane kilo guda da kuka samu a nan, tan guda ne a eka ta mita ɗari kowane gefe.

Ba a gama ba. Daga kowane iri ku ɗauki shuka biyar, ku daddatsa duka har da goyo, ku cakuɗa, ku auna kilo ɗaya. Ku shanya a rana kan buhu, inda kaji da awaki ba sa kaiwa. Kullum ku auna, har ranar da nauyin ya daina raguwa. Ku rubuta abin da ya rage.

Ga misali, lambobin nawa ne na allo, ba na wata gona ba. Doguwar masara ta bada kilo 30. Kilo ɗayanta da aka shanya ya koma giram 250, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Kilo 30 a raba huɗu, ya zama kilo 7 da rabi. Gajeruwar ta bada kilo 25 kawai. Amma kilo ɗayanta ya koma giram 330. Giram 330 sau 25, ya zama kilo 8 da giram 250. Wace ta ci? Gajeruwar, wadda ido ya raina. Kuma ba ka wahala da dakon ruwa zuwa rami ba. A garkarka lissafin yana iya juyewa, doguwar ta ci. Shi ya sa na ce ku auna.

Sa'an nan ku ɓare goyon wasu shuka biyar, ku shanya goyo dabam, kara da ganye dabam, ku ga rabon kowane. In iri biyu sun yi kusa da juna a nauyi, ku ɗauki mai goyo.

Gargaɗi guda: kada ku ɗebi irin shuka daga filin gwaji. Iska tana ɗaukar garin furen wannan ta kai ma gemun waccan, sai su gauraye. Kun sha ganin goyo guda da fara da rawaya a jikinsa, dalilin ke nan. Kuma wanda zai sare gonarsa duka ɗanya, ya tuna ya bar wani yanki can nesa ya nuna sarai, in ba haka ba baɗi sai ya sayi iri.

Yanzu lokacin sara. Wannan ya fi zaɓen iri ma muhimmanci, domin iri mai kyau da aka sare ba kan lokaci ba ya zama banza. Lokacin gashi, sa'ad da ka latsa tsaba da farce madara ta fito, bai yi ba, ruwa ya yi yawa. Ka jira tsabar ta yi ƙarfi daga sama. Ka karya goyo biyu ka dubi tsabar ta gefe: za ka ga sama ta daskare, wajen totuwa kuwa da sauran taushi. Idan daskarewar ta kai rabin tsaba, lokaci ya yi. Yakan zo kamar mako biyu kafin masara ta nuna sarai. A lokacin nan kashi biyu cikin uku na shukar ruwa ne, kashi ɗaya abinci. Haka ake so. Tunda ire-iren ba sa kaiwa nan rana ɗaya, kowane a sare shi a nasa lokaci.

Akwai gwajin hannu. Ka damƙi datsattsen kara ka matse da ƙarfi, ka ƙirga talatin. In ruwa ya ɗiga tsakanin yatsunka, ya yi ɗanye, a bar shi ya sha iska rabin yini. In ka buɗe hannu ya watse nan take, ya bushe da yawa, ba zai tattaku ba. In ya tsaya a dunƙule, yana buɗewa sannu sannu, tafinka da ɗan laima, to shi ke nan.

A sare a bar kamar taƙi guda a ƙasa. Gindin kara ba shi da amfani sosai, yana kuma kawo ƙasa cikin rami. In masarar ta sha fari bayan an zuba mata takin zamani da yawa, a ƙara ɗaga hannu, domin a gindin ne gishirin takin yake taruwa, yana kuwa iya kashe dabba.

Ramin a haƙa shi a kan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya. Girmansa lissafi ne. Saniyarmu ta gida, irin Azawak da ake kiwo a tashar Tukunus kusa da Filinge, in tana samun harawa da dusa, kilo 12 na karan rami ya ishe ta a yini. Shanu biyu, kilo 24. Kwana ɗari, kilo 2400. Ramin da yake mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, yana ɗaukar wajen kilo 500 in an tattake sosai. Ke nan ana bukatar irinsa biyar. Sai a haƙa mai zurfin mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da rabi, tsawon mita uku da rabi. In masararka ta bada kilo 25 a murabba'in mita goma, filin da zai cika wannan rami shi ne murabba'in mita dubu, wato kashi ɗaya cikin goma na eka. Ka ƙara kaɗan saboda abin da zai lalace a gefe.

A shimfiɗa leda a ƙasa da bango. A datsa kara da adda kan gungume, kowane guntu kada ya wuce gaɓar yatsa. Aiki ne mai cin hannu, ba na mutum guda ba ne, a kira gayya. Ƙungiyar da ta iya sayen injin datsa ta huta. A zuba kamar taƙi guda, a hau a tattake, musamman gefe da kusurwa. A ƙara, a tattake. Yara suna son wannan aiki, a bar su su yi ta tsalle. A cika har ya yi tozo sama da bakin rami, domin zai sauka. A naɗe leda, a rufe, a bi da ƙasa mai kauri. Duka a gama rana ɗaya, in ya daɗe kwana biyu.

A nan ni na faɗi. Shekarar da na fara, ranar da muka cika rabin rami aka aiko mini da rasuwa a ƙauye. Na jefa leda a kai ba tare da ƙasa ba, na ce in na dawo ma ƙarasa. Kwana huɗu na yi. Da na dawo na sa hannu, zafi kamar tukunya. Na ƙi yarda, na cika, na rufe. Bayan wata biyu da na buɗe, ƙasan ya yi baƙi, yana wari, shanu suka sunsuna suka juya. Uwargida ba ta ce komi ba, ta dai tambaye ni kuɗin dusa. Da na sa maƙwabta sun ƙarasa a ranar, da ban yi hasarar wata uku na ban ruwa ba.

Bayan an rufe, a jira aƙalla mako uku. Mako shida ya fi. A riƙa zagayawa, in ƙasa ta tsage a toshe, in ɓera ko akuya ta huda leda a liƙe. Don gwajin iri, ba sai kun haƙa rami uku ba. Ku cika gangar roba ko buhun leda mai kauri da kowane iri, ku danna sosai, ku ɗaure, ku rubuta suna. Ku buɗe su rana ɗaya ku gwada. Mai kyau launinsa kore ne mai ɗan rawaya, ƙanshinsa tsami tsami kamar nono, ba ya yauƙi, ana gane ganye da tsaba. Marar kyau baƙi ne, ko mai farin fumfuna, ko mai warin ruɓa. Shi a kai shi gona ya zama taki. Kada a ce a ba dabba don kada a yi hasara, yana sa ciwo, yana sa ɓari. Doki da jaki kuwa kada a ba su karan rami ko kaɗan, cikinsu ba irin na saniya ba ne.

Alƙali na ƙarshe ita ce saniya. A fara mata da kaɗan, a riƙa ƙarawa har mako guda ta saba. A ba ta bayan tatsa, don kada madara ta ɗauki ƙanshin. A auna abin da aka zuba mata, a auna abin da ta bari, a auna madara da kwalbar lita kullum, a rubuta. Kowane iri a ba shi mako biyu. Kuma kada a manta, masara tana bada ƙarfi amma abin gina jiki kaɗan ne cikinta. Dole a haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, ko tunkuzar auduga, da ɗan gishiri ko kanwa. In an buɗe rami, a buɗe ta gefe guda, a yanki na yini daga sama har ƙasa, kaurin taƙi guda ko fiye, a maida leda. Zafin bazara ba ya jira.

Ɗazu a bakin ƙofa wani dattijo ya tare ni. Ya ce, malam, mutum bai ƙoshi ba za a ba saniya masara da goyonta? Baba, tambayarka tana kan hanya. Gidan da rumbunsa bai cika ba, ya ci masararsa. Mai garka kusa da birni kuma, wanda masu gashi suke saye a hannunsa, shi ma ya yi lissafi: sau da yawa kuɗin ɗanyen goyo ya fi abin da madara za ta maido. Shi sai ya saida goyo, ya sare karan a ranar tun yana kore, ya bar shi ya sha iska kaɗan, ya sa a rami yana barbaɗa dusa tsakani. Bai kai mai goyo ƙarfi ba, amma ya fi busasshen karan da rana ta cinye nesa ba kusa ba. Ga irin wannan manomi, masara mai riƙe koren ganye ita ce tasa. Mai shanun tatsa da yake da masu sayen madara kullum, shi ne zai sa duka a rami.

Masu noman rani, ku lura da kalanda. Zafin Maris da Afrilu yana ƙona furen masara, goyo ya fito da giɓi. A shuka da farkon sanyi, a sare kafin zafi ya yi ƙarfi, ramin ya nuna daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Ku riƙa duba cikin kunnen masara tun tana ƙarama saboda tsutsar nan mai cin ganye da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016. In kun fesa magani, ku tambayi malamin gona kwana nawa za a jira kafin a sare ma dabba.

Wanda ya yi gwajin nan bana, ya rubuto mana da hannunsa: sunan iri, ranar shuka, ranar sara, kilo nawa ɗanye, giram nawa bayan shanya, lita nawa na madara. Ya ba malamin ajinsu ya aiko. Za mu buga, na Kollo su ga na Gaya, na Gaya su ga na Maraɗi. Yanzu ga sikeli, ga kara iri biyu na kawo. Mutum biyu su taso su matsa mu gani.